Bazara, Zafi, Kaka ko Hunturu: Wane Lokaci Ya Fi Dacewa da Tattaki a Gandun Daji?

Wanda hutunsa ɗaya ne a shekara, ko wanda yake shirin kai iyalinsa tattaki a gandun dajin da hukumar yanki ke kula da shi, yakan daɗe yana shawarar watan da zai zaɓa, domin turbar da aka bi cikin nishaɗi a watan Satumba ita ce za ta hana mutum sakat a watan Afrilu. Bayanin nan ya shafi dazuzzukan ƙasashe masu yanayi huɗu, irin su Turai, Amurka, Kanada da Japan, inda bazara ke kamawa daga Maris zuwa Mayu, zafi daga Yuni zuwa Agusta, kaka daga Satumba zuwa Nuwamba, hunturu kuma daga Disamba zuwa Fabrairu. A kudancin duniya watannin juyawa suke yi, Janairu ne tsakiyar zafi. Irin waɗannan gandaye yawancinsu suna kusa da garuruwa, ba su da manyan tsaunuka, kuma an yi wa hanyoyinsu alama da fenti a jikin itatuwa, abin da ya sa mutane da yawa ke raina su, su shiga ba tare da shiri ba.

Abubuwan da za a auna

Yawancin masu shirin fita zafi da sanyi kawai suke dubawa, amma a ganina abubuwa biyu sun fi su tasiri a cikin daji: halin da ƙasar turba take ciki, da kuma tsawon yini. Ƙasa ita ce ke yanke saurin tafiya da yawan faɗuwa, ko busasshiya ce, ko taɓo, ko ganye mai santsi, ko ƙanƙara. Tsawon yini kuwa shi ne ke nuna ko mutum yana da sararin yin kuskure ya gyara kafin duhu. A wuraren da ke kan layin digiri 50 arewa, kamar biranen Furankfot na Jamus ko Firag na ƙasar Cek, yini yakan wuce sa'o'i 16 a ƙarshen Yuni, ya ragu zuwa kimanin sa'o'i 8 a ƙarshen Disamba, kuma a ƙarƙashin itatuwa duhu yakan riga na fili sauka.

Akwai lissafin da William Naismith, wani mahayin tsaunuka ɗan Sikotilan, ya fitar a 1892, wanda har yau ake amfani da shi: a ware sa'a ɗaya ga kowane kilomita 5, sannan a ƙara sa'a ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Bisa wannan, zagayen kilomita 12 mai hawan mita 300 zai ci kusan sa'o'i 3, ban da hutu. Sai dai lissafin na mai ƙarfi ne a kan busasshiyar ƙasa. Idan taɓo ne ko dusar ƙanƙara, gara a ƙara rabin wannan lokaci a kai, idan kuma da yara ake tafe, a ƙara fiye da haka.

Sauran ma'aunan su ne haɗarin da kowane lokaci ke ɗauke da shi, da kuɗin da za a kashe wajen kaya da masauki, da ɗorewar kyakkyawan yanayi, wato ko makonni ne ko kwanaki, tare da irin wahalar da takalmi da turbar kanta ke sha, sai kuma sauƙin gane hanya da samun abubuwan buƙata a buɗe.

Bazara

Babu lokacin da daji ya fi rai kamar bazara. Kafin ganyen manyan itatuwa ya rufe sama, hasken rana yakan isa ƙasa na 'yan makonni, ƙananan furanni su fito su mamaye gindin itatuwa, kamar shuɗayen furannin da ke lulluɓe dazuzzukan Ingila a ƙarshen Afrilu da farkon Mayu. Tsuntsaye suna ta kuka, rafuka sun cika, magangaran ruwa suna kan ganiyarsu. Amma duk wannan kyau a kan taɓo ake kallonsa.

Dalilin taɓon bazara ya cancanci a fahimce shi, domin shi ne ke nuna inda za a bi da inda za a ƙaurace wa. A wuraren da ƙasa ke daskarewa da hunturu, saman ƙasa ne ke fara narkewa alhali ƙarƙashinta yana nan a daskare, don haka ruwan narkewar dusar ƙanƙara da na sama ba ya samun hanyar nutsewa, sai ya tsaya a sama ya kwaɓe turbar. Wanda ya ɗora ƙafa a irin wannan wuri zai ji takalmin ya nutse har idon sawu, in ya ɗago kuma ya taho da dunƙulen laka mai nauyi. Abin da mutane suka saba yi shi ne su ratse ta gefe, su tattake tsirrai, kafin a ankara turbar da faɗinta bai wuce taku ɗaya ba ta zama fili. Shi ya sa masu kula da gandaye ke cewa wanda ya tarar da taɓo ya bi ta tsakiyarsa ko ya juya. A jihar Vermont ta Amurka, ƙungiyar Green Mountain Club mai kula da hanyoyin tattaki, wadda aka kafa a 1910, takan roƙi jama'a kowace shekara su bar hanyoyin kan tudu har zuwa ƙarshen Mayu saboda wannan dalili.

Tudun da ke fuskantar kudu yakan riga bushewa, wanda ke fuskantar arewa kuwa yana iya riƙe ƙanƙara makonni bayan kwari ya yi fure. Haka kuma iska takan yi sanyi da kimanin digiri 6.5 na ma'aunin Selshiyas a kowane mita 1,000 na hawa, don haka rigar da ta wadatar a wurin ajiye mota ba lallai ta wadatar a sama ba. Babban haɗari shi ne ƙetare rafi. Ruwan narkewa yana da tsananin sanyi, kuma yakan ƙaru da la'asar bayan rana ta yini tana narkar da dusar, ta yadda rafin da aka tsallaka da safe a kan duwatsu zai iya hana komowa da yamma. Idan ruwa mai gudu ya kai gwiwa, hikima ita ce a nemi gada ko a koma, in kuma dole ne a shiga, a kwance ɗamarar jakar goyo tukuna. A wannan lokaci ne kuma ake tarar da itatuwan da guguwar hunturu ta kayar ba a riga an sare su ba.

Kuɗin bazara matsakaici ne. Masauki bai yi tsada ba tukuna, amma ana buƙatar takalmin da ruwa ba ya shiga, da rigar ruwa, da sanduna biyu na dogarawa. Takalmi ya fi shan wuya a wannan lokaci, kuma idan ba a wanke lakar an shanya shi a inuwa ba, ɗinkinsa da fatarsa ba sa daɗewa. Kusantar da shi ga wuta don ya bushe da wuri yakan ɓamɓare mannen tafinsa.

Lokacin zafi

Ta fuskar sauƙi, zafi ba shi da abokin gasa. Ƙasa ta bushe, yini ya yi tsawo, ɗakunan bayani da makewayai da famfunan ruwa duk suna aiki, motocin haya da ke kai mutane bakin gandu suna zirga-zirga, kuma wanda ya ɓace ba zai daɗe bai gamu da wani ba. Kayan da ake buƙata su ne mafi araha: takalmi mara nauyi mai riƙe ƙasa, hula, gorar ruwa da rigar ruwa 'yar shafal. Yanayin yakan ɗore makonni a jere. Abin da aka rage a kaya kuwa yakan tafi a masauki da kuɗin ajiye mota, domin lokacin hutun makarantu ne, kuma a ranakun ƙarshen mako wuraren ajiye mota na shahararrun gandaye sukan cika tun hantsi.

Inuwar daji tana rage zafi da 'yan digiri idan aka kwatanta da fili, amma tana tare iska, ga kuma laima, sai gumi ya ƙi bushewa. Ma'aunin da aka saba bayarwa shi ne kimanin rabin lita na ruwa ga kowace sa'a ta tafiya, a ƙara idan akwai hawa. Wanda ya fara jiri, ciwon kai ko tashin zuciya ya tsaya ya huta a inuwa. Idan kuwa ya fara rikicewa yana magana ba kan gado, alama ce ta bugun zafi, inda zafin jiki ke haura digiri 40, kuma wannan sai a jiƙa shi da ruwa nan take a kira agaji. Hadari yakan haɗu da la'asar, don haka sammako ya fi. Ƙarar tsawa tana cin kusan daƙiƙa 3 kafin ta yi kilomita ɗaya, saboda haka idan tsakanin walƙiya da tsawa bai kai daƙiƙa 30 ba, aradun tana cikin kilomita 10. A sauka daga kan tudu, a nisanci itacen da ya fi saura tsayi ko wanda ke tsaye shi kaɗai, a kuma jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe. A shekarun fari hukumomi sukan hana kunna wuta, wani lokaci ma su rufe gandun gaba ɗaya saboda gobarar daji.

Sai maganar kaska, wadda a ganina ita ce aka fi sakaci da ita. Cutar Lyme, wadda kaska ke yaɗawa, ta samo sunanta daga wani gari a jihar Konetikat ta Amurka inda aka lura da ita a 1975, kuma a farkon shekarun 1980 ne wani masanin kimiyya mai suna Willy Burgdorfer ya gano ƙwayar da ke haddasa ta. 'Ya'yan kaska, waɗanda ƙanƙantarsu ta sa da wuya ido ya kama su, sun fi yawa daga Mayu zuwa Yuli, suna maƙale a kan dogayen ciyayi da busasshen ganye suna jiran mai wucewa. Yawanci sai kaskar ta yi fiye da yini guda a jiki kafin ta watsa wannan cuta, don haka duba jiki da yamma, musamman bayan gwiwa, hammata, kugu da gashin kai, kariya ce babba. A cire ta da hantsaki daga kusa da fata, a ja a miƙe ba tare da murɗawa ba, in kuma jan tabo mai faɗaɗa ya bayyana a kwanakin da suka biyo baya, a ga likita. A tsakiyar Turai da gabashinta kaska tana ɗauke da wata cutar kumburin ƙwaƙwalwa wadda ke iya shiga jiki da wuri, amma ita akwai allurar rigakafinta.

Kaka

Kuskure ne a ɗauki kaka a matsayin lokaci guda, domin farkonta da ƙarshenta ba su yi kama ba ko kaɗan. Daga farkon Satumba zuwa tsakiyar Oktoba ƙasa tana nan a bushe daga zafin da ya wuce, rafuka sun ja baya, sauro ya ragu, yara sun koma makaranta, iska kuma ta yi daɗin da mutum zai hau tudu ba tare da ya jiƙe da gumi ba. Idan aka ce in zaɓi makonni shida a shekara, waɗannan zan ɗauka. Abin lura kawai shi ne rina, wadda wasu ire-irenta ke yin sheƙa a cikin ƙasa kusa da turba kuma sukan yi zafin rai a wannan lokaci. Mai rashin lafiyar harbinta kada ya fita ba maganinsa. Manyan kaska ma sukan sake fitowa da kaka, don haka duba jiki bai ƙare ba.

Sauyawar launin ganye, wadda ita ce ke jan yawancin baƙi, ba ta da ɗorewa. Ganiyarta a wuri guda takan yi mako ɗaya ko biyu, ta fara daga kan tudu ta gangaro kwari, kuma iska mai ƙarfi ta dare ɗaya tana iya kakkaɓe ta. A wuraren da suka yi suna da ita, kamar arewa maso gabashin Amurka a watan Oktoba ko kewayen birnin Kiyoto na Japan a watan Nuwamba, kuɗin masauki yakan koma na lokacin zafi ko ma ya zarce. Wanda ya kama ɗaki tun watanni kafin nan caca yake yi da yanayi.

Da ganye ya zube, labari ya sauya. Jiƙaƙƙen ganye a kan dutse ko gadar katako santsinsa kamar an shafa sabulu, busasshensa kuma yana ɓoye saiwoyi, ramuka da duwatsu masu girgiɗi, a nan ne ake yawan targaɗe a gangare. Ita kanta turbar takan ɓace a ƙarƙashin ganye, sai mutum ya dogara da alamun fenti, yana tabbatar da na gaba kafin ya bar na baya. Yini yana raguwa da sauri, sannan a ƙarshen Oktoba a Turai, da farkon Nuwamba a Amurka, ake mayar da agogo baya da sa'a ɗaya, sai duhu ya riski wanda ya yi lissafi da sabon makon jiya. Fitilar goshi ta zama dole ko da gajeriyar tafiya ce. Ranar da aka yi hasashen iska mai ƙarfi a bar daji, domin matattun rassa suna faɗowa ba gargaɗi. A gandayen da ake farauta a cikinsu ko a gefensu, kaka ce lokacinta, sai a duba ranakun da aka keɓe, a kuma sa riga mai launin ruwan lemo mai ƙyalli. Ruwan sama mai sanyi a kan tufafin auduga, ko da ma'aunin zafi bai sauka zuwa sifili ba, ya isa ya jefa mutum cikin sandarewa, wato faɗuwar zafin jiki saboda sanyi, kuma an fi faɗa wa wannan tarko a Nuwamba domin mutane ba su riga sun ɗauki sanyi da muhimmanci ba.

Hunturu

Hunturu iri biyu ne. A wurare masu sauƙin sanyi kamar Ailan da ƙasan Ingila, taɓo ne da ruwa da gajeren yini, ba wani abin ɗoki. Inda ƙasa ke daskarewa sosai kuwa, turba takan yi tauri ta yi daɗin takawa, ƙwari sun ɓace, itatuwa sun tuɓe ganye har ana hango tsaunuka da tafkunan da ba a gani da zafi, ga sawun dabbobi a kan dusa, ga shirun da ba a samu a sauran watanni.

Wani abin mamaki shi ne hanyoyin da aka fi bi su ne suka fi santsi, saboda ƙafafu suna danne dusar, rana ta ɗan narkar da samanta, dare ya sake daskarar da ita ta zama sulɓin ƙanƙara. Maganin wannan shi ne ƙananan ƙayoyin ƙarfe masu sarƙa da roba da ake sawa a ƙarƙashin takalmi, kuma kuɗinsu bai kai na takalmin kansa ba. Idan dusa ta yi zurfi har ƙafa na nutsewa zuwa ƙwauri, sai faffaɗan takalmin dusa, wanda a wurare da dama ana bayar da hayarsa, kuma wanda sau ɗaya zai fita haya ta fi masa saye. Manyan ƙayoyin hawan tsauni ba su da amfani a irin waɗannan gandaye. Inda aka shata layin masu sulun dusa, ba a takawa a kansa da ƙafa.

Kayan hunturu su ne mafi tsada, amma suna shekaru idan aka kula da su, kuma masauki yakan yi araha in ba kusa da wuraren wasan dusa ba. Tufafi hawa-hawa ake sawa, na ulu ko na zaren roba a ciki, mai ɗumi a tsakiya, mai tare iska a waje, a riƙa ragewa kafin gumi ya keto, domin jiƙaƙƙen tufafi yana zuƙe ɗumin jiki da zarar an tsaya. Idan zafin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35 an shiga haɗari, alamunsa kuwa su ne makyarkyata, tuntuɓe da sarƙewar harshe. Targaɗen da zai zama ɓacin rai kawai a watan Yuli yana iya zama barazana ga rai a watan Janairu, saboda jiran agaji a zaune cikin sanyi. Batirin waya yana mutuwa da wuri, sai a ajiye ta a aljihun ciki, a riƙe taswirar takarda. A yi tsammanin tarar da famfuna da makewayai a rufe, da wasu hanyoyin mota da ba a kwashe dusarsu ba.

| Ma'auni | Bazara | Zafi | Farkon kaka | Ƙarshen kaka | Hunturu |
|---|---|---|---|---|---|
| Halin ƙasa | Taɓo | Busasshiya | Busasshiya | Ganye mai santsi | Ƙanƙara, dusa ko taɓo |
| Tsawon yini | Yana ƙaruwa | Mafi tsawo | Matsakaici | Gajere | Mafi gajarta |
| Kuɗin kaya | Matsakaici | Kaɗan | Kaɗan | Matsakaici | Mai yawa |
| Kuɗin masauki | Matsakaici | Mai yawa | Matsakaici, yana tashi da launin ganye | Kaɗan | Kaɗan |
| Ɗorewar yanayi | Mai sauyawa | Makonni | Makonni | Mai sauyawa | Ya danganta da yanki |
| Gane hanya | Da sauƙi | Da sauƙi | Da sauƙi | Da wuya | Da wuya |
| Babban haɗari | Rafuka, kaska | Zafi, aradu, kaska | Rina, kaska | Targaɗe, duhu, farauta | Sandarewa, faɗuwa |

Wa ya dace da wane lokaci

Sabon shiga, da dattijo, da wanda gwiwarsa ke damunsa, farkon kaka ya fi musu, in bai samu ba sai farkon Yuni kafin zafi ya tsananta. Iyali masu ƙananan yara galibi hutun makaranta ne ke zaɓa musu lokaci, don haka su yi sammako a ranar aiki, su bi gajeren zagaye mai inuwa, su dawo kafin azahar, su duba jikin yaran da dare. Wanda yake son doguwar tafiya ta yini guda yana buƙatar hasken Yuni da Yuli, ko Satumba idan yana da sauri. Mai sha'awar furanni da tsuntsaye ba shi da zaɓi sai bazara, amma ya tsaya a kwari da hanyoyin da aka zuba musu tsakuwa, ya bar na kan tudu su bushe. Mai ɗaukar hoton launin ganye ya bar ranakunsa a sake, ya riƙa bin rahoton gandun maimakon kalanda.

Mai ƙaramin ƙarfi wanda ba ya son sayen kaya, Satumba ce ta fi masa rangwame, domin kayan zafi suna aiki kuma masauki ya fara sauka. Wanda yake gudun cunkoso kuma yana da kaya da gogewa zai more hunturu, da sharaɗin ya rage tsawon zagayen da ya saba zuwa rabi, ya tafi da abokin tafiya, ya kuma shaida wa wani a gida hanyar da zai bi da lokacin da za a sa ran komowarsa. Ƙarshen Nuwamba da farkon Afrilu kuwa ba zan ba kowa shawarar ya kashe kuɗin doguwar tafiya dominsu ba. Sun fi dacewa da wanda gandun ke kusa da shi, wanda zai iya duba sanarwar hukumar gandun da safe ya fasa idan an rufe turbar.